Babi na Huɗu: Mai Fuska, Mai Murya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya ji wannan gardamar. Jarumi ya fito cikin lambu, ya buɗe baki, murya mai zaƙi ta cika ɗaki, sai wani daga bencin baya ya ce, "Wai shi ne yake waƙar nan da bakinsa?"

Ni a Birnin Gwari na fara jin ta, a wata rumfar kallo da aka kewaye da zana da tsofaffin buhuna, a shekarun da fim ɗin Sangaya yake tashe. Janareto na ruri a waje, mai rumfa na karɓar kuɗi a bakin ƙofa, mu yara muna ƙasa a kan tabarma domin benci na manya ne. Wani yayanmu ya rantse Ali Nuhu ne yake rerawa, don ya ga jijiyar wuyansa tana tashi. Wani tela da ya taɓa zaman Kano ya juyo ya ce masa, "Haba ɗan'uwa, baki kawai yake motsawa. Mai waƙar yana can cikin wani ɗan ɗaki. Ko a hanya ka gamu da shi ba za ka ɗaga kai ka dube shi ba." Har aka kashe janareto yayan namu bai yarda ba.

Telan ne yake da gaskiya. Amma maganarsa ta haifi wata tambayar da ta fi ta farko nauyi. In fuska ta wani ce, murya kuma ta wani, to wane ne mai waƙar? Kuma me yake faruwa idan Allah ya haɗa wa mutum ɗaya duka biyun, shi ya tsara waƙar, shi ya rera, shi kuma ya fito yana taka ta? A masana'antar finafinan Hausa akwai 'yan kaɗan irin waɗannan. Wanda rayuwarsa ta fi nuna riba da hatsarin abin, a ganina, shi ne Adam A. Zango, ɗan jiharmu ta Kaduna. Kafin mu kai kansa sai mun san ɗakin da telan nan ya ambata.

Baki na wani, murya ta wani

Ba a Kano aka ƙirƙiro wannan tsari ba. Finafinan Indiya ne suka shigo mana da shi, tun zamanin da 'yan kasuwar Labanan ke nuna su a silimomi irin su Rex da Plaza da Eldorado a Kano, daga baya talabijin ta kai su har cikin ɗakunan matan aure. A can Indiya, mawaƙi daban, jarumi daban. Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar sun yi shekaru suna ba ɗaruruwan fuskoki aron murya. Ko a can ɗin, mutum irin Kishore Kumar, wanda ya yi wasan fim kuma ya yi waƙa har ya rasu a 1987, abin nunawa da yatsa ne.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, labari ne a gaba. Waƙa ta karɓe ragama ne bayan da fiyano ƙirar Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano a tsakiyar shekarun 1990, musamman situdiyon Iyan-Tama. Wannan 'yar na'urar ta yi abin da a da sai an tara makaɗa biyar: ta yi amon kalangu, ta yi na sarewa, ta yi na ganga, duk a ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya. Sangaya ya zo ya tabbatar wa kowa cewa waƙa ɗaya mai daɗi tana iya ɗaukar fim a kafaɗa ta kai shi har Yamai da Agadas. Daga nan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka koma tambayar furodusa waƙoƙi nawa ne a fim ɗinsa kafin su tambaye shi labarin. Kaset ɗin waƙoƙin yakan riga fim ɗin fita kasuwa, ya yi masa share fage a shagunan aski da motocin haya.

Sunayen da ke bayan waɗannan muryoyi sanannu ne ga 'yan masana'anta: Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad, da mata irin su Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba. Amma mai kallo na ƙauye, wanda ya haddace waƙar tun daga amshi har ƙarshen baiti, hoton jarumi ne yake liƙe a bangon ɗakinsa.

Cikin ɗakin kiɗa

Na taɓa wuni a irin wannan ɗaki a Kaduna, lokacin ina ɗalibi, na raka wani abokina da ke neman a ba shi dama. Ɗakin bai fi shagon mai kanti girma ba. An liƙe bangon da soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Fanka a kashe, domin iskarta tana shiga makirfo, saboda haka kowa jiƙe yake da gumi.

Furodusa ya zauna a kan kujerar roba ya ba da labari a taƙaice: yarinya 'yar mai hali, saurayi ɗan talaka, uba ya ƙi. Ya ce yana son waƙa uku, ɗaya ta haɗuwa, ɗaya ta rabuwa, ɗaya ta rawa. Mawaƙin, wani siririn saurayi, ya buɗe littafin rubutu irin na 'yan firamare ya fara neman amshi. Amshi ake fara kamawa, don shi ne ƙugiyar da ke maƙale wa mutum a kunne. Yana gunguni a hanci, makaɗi yana laluben karin a kan fiyano, su yi gaba su dawo, su yi gaba su dawo. Can sai makaɗin ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, Malam, kalmar nan ta yi wa kiɗan tsawo." Aka cire ta, aka sa wata mai gaɓa biyu. Nan na gane cewa a wannan sana'a makaɗi shi ne alƙali. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in karin kiɗa ya ja kalma sama alhali ita ƙasa take zuwa, ma'ana ta karkace, kunnen Bahaushe kuma ba ya yafe wannan.

Wuta ta ɗauke sau biyu. Da la'asar mawaƙiya ta iso da mayafinta, ta saurara sau biyu kacal, ta shiga ta ɗora muryarta, ta karɓi kuɗinta ta hau acaɓa. Shi ke nan rabonta da waƙar. Ko fim ya sayar da kwafi dubu nawa, ita da marubucin da makaɗin an riga an sallame su.

Sai bayan makonni waƙar za ta isa lokeshin. A kunna ta a lasifika, jarumi da jaruma su haddace, su yi abin da 'yan fim ke kira hawa waƙa. Wannan ma gwaninta ce, ba na raina ta. Akwai jarumin da in ya hau waƙa sai ka rantse daga ƙirjinsa take fitowa, kamar yadda yayanmu ya rantse. Amma mai hawa doki na aro ya san akwai ranar da mai doki zai ce a sauka.

Yaron Zango, ɗan Jos

An haifi Adam A. Zango a 1985 a Zangon Kataf, kudancin Jihar Kaduna, ya tashi a Jos. Garuruwan nan biyu duk na cakuɗa ne, inda yaro Bahaushe ke tashi yana jin harsuna da kaɗe-kaɗe iri-iri ta katangar maƙwabta, duka biyun kuma sun ɗanɗani rikici, Zangon Kataf a 1992, Jos a 2001. Karatunsa na boko bai wuce sakandare ba, shi da kansa yakan faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Jos ba baƙuwar fim ba ce. Can ne hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya, can Sani Mu'azu ya kafa kamfanin Lenscope, a jami'ar garin Ali Nuhu ya yi karatu. Can kuma Ɗan Maraya ya yi rayuwarsa, mutumin da shi kaɗai yake tsara waƙarsa, ya kaɗa kuntiginsa, ya rera, babu 'yan amshi. Yaron da ya tashi a garin Ɗan Maraya ya ga misalin mutum mai cin gashin kansa a waƙa tun kafin ya san sunan abin.

Zango ta ƙofar ɗakin kiɗa ya shigo masana'antar, a farkon shekarun 2000. Ya zauna a gaban fiyano yana buga wa wasu, irin zaman makaɗin da na bayyana a sama. Wannan ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Da ya tsallako gaban kyamara, ya zo da kunnen makaɗi. Ka lura da rawarsa a finafinan wancan lokaci: ƙafarsa ba ta jiran kiɗa ta bi shi a baya, tare suke sauka, don ya san inda gangar za ta faɗi tun kafin ta faɗi. Matasa suka laƙaba masa Usher, sunan wani mawaƙi ɗan rawa na Amurka, sunan kuma ya bi shi shekaru.

A ƙasar Hausa wannan baiwa tana da tsada. Mun gaji wani tunani da ke ajiye makaɗi da maroƙi a ƙasan tsani, ko da kuwa sarki ba ya fita sai da su. Namiji mai rawa a bainar jama'a kuwa, ya fi makaɗi shan kallon raini. Jarumin da ke hawa waƙar wani yana da mafaka, yana iya cewa aiki aka ba shi. Wanda ya rubuta, ya kaɗa, ya rera, ya taka, ba shi da bayan wanda zai laɓe. In an yaba, nasa ne duka. In an tashi kamu, shi kaɗai za a kama.

Shekarar 2007

Haka kuwa aka yi. A tsakiyar 2007 wani bidiyon waya na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a Kano, gari ya ɗauki zafi, masu wa'azi suka yi ca a kan masana'antar baki ɗaya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisbah, shugaban Hukumar Tace Finafinai, hukumar da aka kafa tun 2001 bayan ƙaddamar da shari'a. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida, aka fito da sababbin ƙa'idoji.

Ana cikin wannan yanayi kundin waƙoƙin bidiyo na Zango mai suna Bahaushiya ya shiga hannun hukuma. Aka tuhume shi da fitar da shi ba tare da tacewa ba, da kuma shiga da rawar da aka ce sun saɓa wa tarbiyya. A watan Satumba kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000. Yana da shekara 22.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi. Ba na cikin masu cewa iyayen da suka damu a lokacin ba su da hujja. Uban da ya ga 'yarsa tana kwaikwayon rawar da bai yarda da ita ba a tsakar gidansa yana da haƙƙin ya yi magana, al'umma kuma tana da haƙƙin ta sa wa kasuwar nishaɗi linzami. Amma tsakanin hana faifai shiga kasuwa da tura saurayi ɗan shekara 22 gidan yari akwai tazara mai nisa, kuma har yau ina ganin an tsallake ta da gaggawa. Bai zama shi kaɗai ba. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, a ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, mutumin da situdiyonsa ya raini kiɗan fim ɗin gaba ɗaya. A 2009 aka kama mawaƙi Aminu Ala.

'Yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka yi Kaduna, inda dokar Kano ba ta kai ba. Zango ma da ya fito can ya nufa. A nan ne bambancin mai murya da mai aron murya ya fito fili. Jarumin da aka hana fim, in ba shi da wata sana'a, sai ya zauna jiran ranar da za a buɗe. Yana buƙatar furodusa, da darakta, da mai kyamara, da jaruma, da ɗan kasuwar da zai saya. Zango ɗaki ɗaya yake buƙata, da fiyano, da makirfo. Ya shiga ya yi waƙar Oyoyo, ya mayar wa waɗanda suka ɗaure shi martani da bakinsa.

Waƙar ba ta bi ta Ƙofar Wambai ba, ba ta nemi hatimin kowa ba. Daga waya zuwa waya ta riƙa tafiya ta bulutut, a lokacin da wayoyi masu ɗaukar waƙa suka fara yawa a hannun matasa. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta sauraro da yaɗa waƙoƙi goma sha ɗaya, Oyoyo na ciki, tare da Hasbunallahu ta Ala da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa. Haramcin sai ya zame musu talla. Wanda bai taɓa ji ba ya tashi nema. Za a iya kwashe faifai daga shago a ƙona, amma wa zai bi aljihun kowane ɗan acaɓa?

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin Shata da kafin Shata, mai mulki yana shakkar bakin mawaƙi, domin zambo in ya kama mutum har jikokinsa sai sun ji. Abin da ya sabunta shi ne, a karon nan mai zambon fuska ce da kowa ya riga ya sani a allon talabijin.

Basaja da Gwaska

Da gwamnati ta sauya a Kano a 2011 iska ta lafa, shekarun da suka biyo baya kuma su ne ganiyar Zango. Ya fito a finafinan soyayya da yawa, ciki har da na manyan daraktoci irin su Aminu Saira, amma rawar da ta zauna masa daram ita ce ta ɗan duniya mai wayo. A jerin finafinan Basaja ya fito a ɗan damfara da ke wasa da hankalin masu kuɗi da jami'an tsaro. A Gwaska, na 2015, ya fito a ɓarawo mai rufe fuska. Duka biyun mutane ne da doka ke nema, mai kallo kuma yana bayansu. Ban ce da gangan ya zaɓi wannan don tuna 2007 ba. Abin da na sani shi ne matashin da ke kallo ya san jarumin nan ya taɓa kwana a gidan yari da gaske, wannan sanin kuma yana ƙara wa wasan gishiri.

Ya kafa kamfaninsa, ya tara yara a ƙarƙashin White House Family, mawaƙa da 'yan rawa da masu neman shiga fim. Magoya bayansa da na Ali Nuhu suka rabu gida biyu kamar na ƙungiyoyin ƙwallo, saɓanin da ke tsakanin manyan biyu ya sha fitowa fili, an kuma sha sasanta su. A 2019 Zango ya ba da sanarwar ficewa daga Kannywood, wato masana'antar finafinan Hausa. A shekarar dai ya sanar da ɗaukar nauyin karatun ɗalibai 101 a wata makaranta a Zariya, abin da ya fi taɓa ni a duk labarinsa, ganin ya fito daga mutumin da nasa karatun ya tsaya a sakandare.

Wani abin lura, ko a ganiyar tasa bai daina hawa waƙar wasu ba. Fim yana son muryoyi iri-iri, zamanin kuma na su Nura M. Inuwa da Nazifi Asnanic da Umar M. Shareef ne. Don haka in ka ga Zango yana waƙa a fim, amsar tambayar rumfar kallonmu ita ce: wani lokaci shi ne, wani lokaci ba shi ba ne. Sai kunne ya saba kafin ya rarrabe.

Wasu kuma sun bi hanyar ta ɗaya gefen. Yakubu Muhammad ya shafe shekaru yana rubutawa yana rerawa, abokinsa Sani Danja yana hawa, a kamfaninsu na 2 Effects, kafin ya yarda ya fito gaban kyamara. Da ya fito kuwa har ya kai ga Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018. Umar M. Shareef ya yi suna a waƙa tukuna, sannan Ali Nuhu ya ɗora shi jarumi a Mansoor a 2017. Mawaƙan sun gane abin da Zango ya gane da wuri: muddin fuskarka ba ta fita ba, wani ne zai ci moriyar muryarka a wurin biki da wurin talla.

Inda fim ba ya zuwa

Sai kasuwar faifai ta mutu. Satar fasaha ta fara cinye ta, masu tura finafinai a waya suka ƙarasa ta. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta koya wa mutane kallon shiri mai dogon zango, daga 2020 kuma irin su Labarina da Izzar So suka mayar da hankalin kowa kan talabijin da YouTube. Waɗannan shirye-shirye ba su damu da rawa da waƙa irin ta da ba. Jarumai da yawa da suka yi tashe a zamanin sidi suka bi ruwa. Mawaƙi kuwa bai rasa abin yi ba: ga biki, ga taron siyasa, ga wasan sallah a Nijar da Gana da Kamaru, ga tasharsa ta YouTube. Zango ya shiga harkar shiri mai dogon zango shi ma, amma ko da bai shiga ba, yana da ƙafa ta biyu da zai tsaya a kai.

Ban fahimci zurfin wannan ba sai a garinmu. Mai karatu ya san abin da ya sami Birnin Gwari. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, wanda muka taso muna jin labarin giwayensa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Hanyar Kaduna, ta Buruku da Udawa, wadda a da mutum zai je ya dawo a wuni ɗaya, ta koma sai an taru an jira rakiyar sojoji. A waɗannan shekaru babu ɗan fim da zai kawo kyamara nan. Babu mawaƙin da zai zo wasan sallah. Rumfunan kallo da yawa sun rufe, don ba mai son taron dare.

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Makonni babu kira, babu intanet, babu YouTube. A cikin kwanakin nan na je shagon wani yaro mai cajin waya a bakin kasuwa. Wayoyi sun fi hamsin jere a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba, alhali ba wadda za ta iya kiran kowa. Na tambaye shi me mutane ke yi da su. Ya nuna mini tsohuwar kwamfutarsa ya ce, "Kawu, turi. Wa'azi da karatu da waƙa. Fim yana cinye memori, yana cinye caji. Waƙa kuwa ko ɗari ka zuba ba ta komai."

Ina tsaye wani saurayi ya shigo, da alama daga ƙauyukan da aka tasa yake, ƙafarsa duk ƙura. Ya miƙa ƙaramar waya mai madannai ya ce a zuba masa waƙoƙin Adamu Zango, tsofaffin. Yaron ya tambaye shi na fim ko nasa na kansa. Saurayin ya ce, "Waɗanda shi ya yi da bakinsa." Ya san bambancin. Abin da yayanmu bai sani ba shekara ashirin da suka wuce, wannan saurayi da ƙila bai gama firamare ba ya san shi sarai, har yana zaɓe a kai. Ya biya, ya sa wayar a aljihun gaba, ya fita tana waƙa.

Na daɗe ina tunanin wannan saurayi. Fuskar jarumi tana buƙatar allo da wuta da zaman lafiyar da za a zauna a kalla. Murya tana tafiya a aljihu, a kan babur, a gona in an samu an je, a sansanin gudun hijira. Duk abin da mutum zai ce game da Zango, da rigingimunsa da fushinsa da ficewarsa, ya bar wani abu da ya iso Birnin Gwari a lokacin da mota ma ba ta isowa sai da soja. Tun daga ƙarshen 2024, da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu, hanya ta fara samuwa, muna roƙon Allah ya ɗorar. Ina fatan ranar da za a kafa lasifika a filin garin nan a yi wasa da rana tsaka, yaran da suka san muryoyin nan a waya su ga masu su ido da ido.

Sai dai Zango da Yakubu da Umar maza ne, ƙofar fitowa gaban kyamara a buɗe take gare su duk ranar da suka ga dama. Mawaƙiyar nan da na gani a Kaduna, wadda ta saurari waƙa sau biyu ta ɗora murya ta hau acaɓa, tata hanyar daban ce. Rabin kowace waƙar soyayya da muka haddace muryar mace ce, kuma akasari ba mu san ko wace ce ba. Babi na gaba nasu ne: su Rabi Mustapha, da Fati Nijar da ta tsallako iyaka ta zo Kano, da Maryam A. Baba, yadda suka shigo, abin da ake biyansu, da abin da aure ke yi wa sana'arsu.